Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnonin Arewa: Kafin Mai Ya Sauka Mu Sake Mantawa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Masu girma gwamnonin jihohin Arewa 19, ranku ya daɗe. Bayan gaisuwa da fatan alheri, da addu'ar Allah Ya taya ku riƙon amanar da ke wuyanku, ina neman izinin in yi magana a kan man fetur. Ba roƙon a dawo da tallafi ne ya kawo ni ba. Wannan ba a hannunku yake ba, kuma ko da a hannunku yake, ba shi zan roƙa ba. Ni tsohon malami ne, gyaran inji na koyar har na ajiye aiki, saboda haka a yi mini uzuri idan aka ga ina kallon al'amuran mulki ta wajen tanki da kaburata.

Duniya tana shan ɗanyen mai kimanin ganga miliyan 100 a kowace rana, fiye da rabinsa kuma a sufuri yake ƙarewa: mota, tirela, jirgin sama, jirgin ruwa. Ba yau aka gane haɗarin da ke cikin wannan ba. A watan Oktoban 1973, lokacin yaƙin Larabawa da Isra'ila, ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka daina sayar wa Amurka da wasu ƙawayenta. Cikin 'yan watanni ganga ta tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan dala 12. Amurkawa suka kwana a layin gidan mai, shugabansu Nixon ya fito ya yi alkawarin cewa kafin 1980 ƙasarsa za ta wadatu da makamashinta, ba ta buƙatar na kowa. A 1979 Jimmy Carter ya sa aka ɗora farantan dumama ruwa da hasken rana a kan rufin fadar White House, don jama'a su gani su yi koyi. A 1986, zamanin Reagan, aka sauke su lokacin gyaran rufi, ba a mayar ba. A shekarar ce kuma farashin mai ya faɗi warwas, kuɗin da ake warewa don binciken madadinsa suka bi shi.

Haka aka yi ta yi. A watan Yulin 2008 ganga ta kai dala 147, kowa ya rantse ya tuba. Kafin shekarar ta ƙare ta sauko ƙasa da dala 40, aka warware rantsuwa. Sai da aka yi taron sauyin yanayi na duniya har sau 28, a Dubai a 2023, kafin ƙasashe su iya amincewa a rubuta a takarda cewa ya kamata a fara janye jiki daga mai da kwal da iskar gas. Shekara 50 ke nan cif bayan girgizar 1973.

A nawa ganin, ba jahilci ne ya kawo wannan jan ƙafa ba, kuma ba makircin kamfanoni kaɗai ba ne, ko da yake suna da nasu kason. Gaskiyar ita ce fetur abu ne mai kyau ƙwarai ga inji. Lita guda tana ɗauke da ƙarfi mai yawa, ana zuba shi a jarka a kai shi ko'ina, kuma shekara ɗari ana gina komai a kansa: titi, gidan mai, gareji, hannun makanike. Duk abin da zai maye gurbinsa sai ya biya kuɗin gina nasa tsarin tun daga tushe, a daidai lokacin da kowa ke sa ran gobe mai zai sauka. Shi ya sa ɗan kasuwa shi kaɗai ba ya iya wannan aiki. Ƙasashen da suka yi nisa, hukuma ce ta dage a shekarun da mai ke araha, lokacin da dagewar take kama da wauta.

Ku dubi Brazil. A 1975 gwamnatin ƙasar ta ɓullo da shirin yin man mota daga rake. Ta ba masu gonaki da masana'antu rance mai sauƙi, ta tilasta wa gidajen mai su ajiye famfon itanol, wato man da ake yi daga raken, ta sa kamfanin mai na gwamnati ya saya ya rarraba. A 1979 motar farko mai shan itanol zalla ta fito kasuwa, kuma zuwa tsakiyar shekarun 1980 yawancin sababbin motocin da ake sayarwa a ƙasar irinta ne. Sannan abin ya yi tuntuɓe. Mai ya yi araha, sukari ya yi tsada a kasuwar duniya, masu rake suka juya wa itanol baya, wajen 1989 zuwa 1990 masu irin wannan mota suka rasa abin zubawa. Jama'a suka guje ta. Da a wata ƙasa ce da nan labarin ya ƙare, a kafa kwamitin bincike. Amma gwamnati ba ta janye dokar gauraya itanol cikin fetur ba, don haka masana'antun ba su mutu ba. A 2003 aka fito da motar da ke shan ko wanne, fetur ko itanol ko gaurayensu, direba ya tsaya a gidan mai ya duba wanda ya fi sauƙi a ranar. Yau ko fetur ɗin da ake sayarwa a Brazil fiye da kashi ɗaya cikin huɗu nasa itanol ne. Kusan shekara 30 aka ɗauka, gwamnatin soja ta fara, ta farar hula ta ci gaba.

Faransa ta bi wata hanya dabam a 1974, ta koma yin lantarki da nukiliya, wani ɓangare na yuraniyom ɗin kuwa daga Arlit ta maƙwabciyarmu Nijar aka yi ta haƙo shi. Abin takaici, ita Nijar ɗin yawancin wutarta daga Nijeriya ta riƙa saye, kamar yadda kowa ya gani lokacin da aka yanke mata layi a watan Agustan 2023. Norway, wadda mai take sayarwa kamar mu, a 2024 kusan tara cikin goma na sababbin motocin da aka saya a can masu lantarki ne. Idan an ce waɗannan masu kuɗi ne, to Habasha fa, wadda a farkon 2024 ta hana shigo da ƙananan motoci masu shan fetur da dizal, saboda ta gaji da zubar da dalar da ba ta da ita alhali tana da wutar madatsun ruwa?

Mu dawo gida. Ranar 29 ga Mayun 2023 shugaban ƙasa ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, zuwa ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Ko'ina a ƙasar nan an ji jiki, amma ba daidai ba. Mai daga bakin teku yake tasowa, ko an shigo da shi ko an tace shi a Legas, sannan tanka ta ɗauko shi ta yi tafiyar kilomita sama da dubu, tana ƙona dizal don ta kawo fetur. A da akwai asusun daidaita farashi da aka kafa a 1975, wanda ke biyan kuɗin dako don lita ta zo kusan ɗaya a Apapa da Gaidam. Yanzu babu shi. Mai adaidaita sahu a Maiduguri da manomin rani a Goronyo su ke biyan kuɗin nisan da aljihunsu. Matatar Kaduna da aka buɗe a 1980 don ta rage wannan nisa ta yi shekaru ba ta tace ko ɗigo ba. Akwai kuma kuɗin da ba a biya da naira: a watan Oktoban 2024 tankar mai ta faɗi a Majiya ta jihar Jigawa, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu. Bayan wata uku aka sake ganin irinsa a mahaɗar Dikko ta jihar Neja. Allah Ya jiƙansu.

Ba za a ce ba mu taɓa tunanin mafita ba. Matsalar ita ce mun yi tunanin sau da yawa. A 2007 gwamnatin tarayya ta fitar da manufar gauraya itanol kashi 10 cikin ɗari a fetur, daga rake da rogo. Aka yi ta rattaba hannu a kan yarjejeniyoyi, aka yi yayin shuka bini-da-zugu don yin dizal, sannan shiru. Tashar lantarki mai aiki da iska ta Lambar Rimi a Katsina, megawat 10 kacal, ta cinye fiye da shekara 10 ana gininta. A 2016 aka sa hannu da kamfanoni 14 su gina tashoshin hasken rana na sama da megawat 1,000, yawancinsu a jihohinku, aka tsaya jayayya a kan farashi da lamuni har shekaru suka shuɗe ba a kafa ko faranti ɗaya ba. A watan Disambar 2020 aka ƙaddamar da shirin mayar da motoci miliyan guda su koma shan iskar gas. A 2023 aka sake ƙaddamar da wani mai sabon suna. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, an aza harsashinsa a watan Yunin 2020 da alkawarin shekara biyu, aka yi ta ɗaga ranar kammalawa. Ba fetur ne ya fi ƙarfin waɗannan ayyuka ba. Kowannensu ya tsaya ne saboda babu wanda kujerarsa za ta girgiza idan ya tsaya.

A nan ne zan faɗi abin da na san ba zai yi wa wasu daɗi ba. Babban burin da aka shuka a zukatan mutanen Arewa game da makamashi shi ne a samu mai a ƙasarmu, mu ma mu daina jin gori. An kwashe shekaru da dama ana haƙa a yankin Tafkin Chadi, har a watan Yulin 2017 aka rasa rayuka masu yawa a harin da aka kai wa ayarin masu bincike a yankin Magumeri. A watan Nuwamban 2022 aka yi bikin fara haƙar mai a Kolmani, a iyakar Bauchi da Gombe, aka yi ta murna. Ba na ƙin a samu. Amma ku tambayi mutanen Oloibiri, inda aka fara samun mai a Nijeriya a 1956, me garinsu ya zama. Ku tambayi mutanen Damagaram, da matata ke bayan gari tun 2011, ko ta raba su da tsadar rayuwa. Mu da muke da ranar da ke ƙona ƙeya wata tara a shekara, mun zuba ido a kan abin da ke ƙarƙashin ƙasa, a daidai lokacin da manyan masu sayensa ke neman hanyar rage sha. China, wadda ta fi kowa shigo da ɗanyen mai, kusan rabin sababbin motocin da aka sayar a cikinta a 2024 masu caji ne.

Ku ma, ranku ya daɗe, masu shan man nan ne, ko da ba ta tanki ba. Albashin ma'aikatanku daga kason wata-wata na Abuja yake fitowa. Wasunku sun ga abin da ya faru da ganga ta sauko daga sama da dala 100 a 2014 zuwa ƙasa da dala 30 a farkon 2016: jihohi suka kasa biyan albashi har sai da tarayya ta kawo ɗauki. Tun bayan cire tallafi kason ya ƙaru sosai, ko da yake faɗuwar naira ta cinye wani abu daga ciki. Wannan ƙarin, talakan da ke sayen lita da tsada ne ya biya shi. Buhun shinkafar rabon tallafi kwana nawa yake yi a gida? Abin da zai rage masa yawan litar da yake buƙata shi ne zai zauna da shi.

In da za a ce in zaɓi abu ɗaya tak, injin ban-ruwa zan zaɓa. Duk wanda ya bi ta Kadawa, Kura, fadamun Haɗeja, Bakolori ko gaɓar kogin Rima a lokacin rani ya san ƙarar ƙananan injunan nan. Kowanne yana shan fetur kullum har a girbe, kuma kuɗin man yana shiga farashin kwandon tumatir da buhun albasa da na alkama. Da mai ya yi tsada, manoma ba su jira kowa ba: suka kai injunansu wajen makanikai aka canza musu kaburata suka koma amfani da tukunyar gas ɗin girki. Dabara ce mai kyau, sai dai shi ma gas ɗin ya bi sahu ya yi tsada. Famfo mai aiki da hasken rana kuwa, a ilimin inji babu aikin da ya fi dacewa da shi kamar ban-ruwa. Da rana ake yi, a watannin da babu girgije, saboda haka ba ya buƙatar batir, wanda shi ne abin da ya fi tsada kuma ya fi saurin mutuwa a zafinmu. Faranti mai kyau yana wuce shekara 20. Farashinsa a duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020. Abin da ke hana manomi shi ne kuɗin farko: fetur yana saye kaɗan-kaɗan, faranti kuwa sai a dunƙule. Wannan giɓin shi ne aikin gwamnati. Ba rabon kyauta ba, don mun san inda kayan kyauta ke ƙarewa, a kasuwa ko a gidan mai unguwar siyasa. Lamuni nake nufi: jiha ta tsaya wa ƙungiyoyin manoma a banki, su karɓa su biya bayan girbi cikin shekara biyu ko uku da kuɗin da da fetur za su saya. Indiya tana gudanar da shiri irin wannan tun 2019, ana iya zuwa a ga inda ya yi kyau da inda ya gaza. Sai kuma a sa ido a kan jabun faranti, domin manomin da aka cuta sau ɗaya zai hana ƙauye guda saye.

Na biyu adaidaita sahu. Yawancin waɗanda ke titunanmu ƙirar Indiya ne, Bajaj da TVS, a can Indiya kuwa fiye da rabin masu ƙafa uku da ake sayarwa yanzu lantarki suke sha. Keke ba ya tafiya mai nisa, yana kwana wuri ɗaya, kuma ana iya musanya masa batir a tasha cikin mintuna. Jihar Borno ta gwada motocin haya masu lantarki a Maiduguri tun ƙarshen 2023. Ya kamata sauranku ku aika a duba littafin kuɗin, ba hotunan biki ba. Na san za a ce wutar ma ina take. Gaskiya ne, ba mu manta da watan Oktoban 2024 ba, da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna yawancin Arewa ta kwana fiye da mako cikin duhu. Amma tun 2023 tsarin mulki da sabuwar dokar lantarki sun ba kowace jiha ikon samar da wutarta, ta rarraba, ta kafa hukumar da za ta kula da kasuwar. Inugu da Ekiti da Ondo ne suka fara karɓa, daga nan Kogi da Neja da Filato suka biyo. Uzurin cewa wuta ta Abuja ce ya ƙare. Rufin kowace babbar kasuwa da tasha a Arewa fili ne na faranti da ke zaune a banza. Guntun gatarinka, in ji Bahaushe, ya fi sari ka ba ni.

Iskar gas ta mota ba na raina ta. Muna da ita da yawa, sama da tiriliyan 200 na ma'aunin ƙafa kubik, har yau ana ƙona wata a banza a yankin Neja Delta, kuma ga tirela da bas masu dogon zango ita ce mafita mafi kusa. Sai dai a yi hattara da abin da ya sami Pakistan: ta mayar da miliyoyin motoci kan gas, sannan gas ɗin ya kasa isa, direbobi suka koma kwana a layi. A fara da gidan sayarwa, sannan a kira mutane su canza inji. Duk ranar da bututun nan na Ajaokuta ya fara kawo gas Kaduna da Kano, wace jiha ce ta riga ta ware filayen gidajen sayarwa, ta shirya ƙananan bututun da za su shiga unguwannin masana'antu na Kakuri, Sharaɗa, Bompai da Challawa? Ba a fafe gora ranar tafiya. Batun itanol kuma, a wannan zamani na yunwa ba zan ce a zuba masara a tanki ba. A tsaya a kan ragowar ruwan raken masana'antun sukari irin na Numan, da takanɗa, wadda ake cin hatsinta a matse karanta.

Akwai abin da ba na jin ana ambata a taruka, shi ne hannun da zai gyara. Makaniken Kofar Ruwa ko Panteka ya san injin fetur kamar yunwar cikinsa, amma tukunyar gas ta mota tana ɗauke da matsin da ya ninka na tukunyar girki sau da yawa, wadda aka haɗa a wajen mai walda kuwa bam ce. Haka batirin keke, haka na'urar da ke juya wutar faranti. Yawancin kwalejojin fasaha naku ne, ba na tarayya ba. Da yawansu har yau da injunan da suka girmi malaman ake koyarwa. A sabunta kayan aikinsu, a buɗe ajin yamma ga makanikan da ke bakin aiki, a ba su takardar shaida, a hana wanda ba shi da ita taɓa tukunyar gas. Wannan ba zai ci kuɗin gadar sama guda ɗaya ba.

Kun saba haɗuwa a Kaduna ku fitar da sanarwar bayan taro. Ina roƙon a zama na gaba kowannenku ya zo da lamba uku a rubuce: injin ban-ruwa nawa zai mayar kan hasken rana kafin noman rani mai zuwa, wurin caji ko gidan gas nawa zai buɗe da sunayen garuruwan, da makanike nawa zai horar. A sa su cikin kasafin kuɗi, majalisun jihohi su mayar da asusun lamunin doka yadda wanda zai gaje ku ba zai soke shi da alƙalami ɗaya ba idan lita ta sauko. A karanta lambobin a rediyo da Hausa da Kanuri da Fulfulde da Tibi da Nufanci, bayan shekara guda a dawo a karanta abin da aka cika.

Wassalam.

Naku,
Wani tsohon malamin gyaran inji, daga Kano.